Ƙarar Ruwan Fifaji

Alhamis, 12 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Wannan littafin zane ne, ba na rubutu ba. Shi na tarar a jakata ranar Litinin da aka kira ni. Na buɗe shi in zana wani abu, hannu ya ƙi, shi ne nake rubutu.

Zannu yana ciki, a gadon asibiti. Kwana uku ke nan bai buɗe ido ba. Minti goma ake ba mu da safe, minti goma da yamma, mutum ɗaya kawai. Na safe na bar wa Mama, ita ta haife shi. Na yamma nawa ne, ni matarsa. Sauran yinin muna kan benci a baranda, ni da ita da wasu mata da ban san sunansu ba. Su ma ba su san ni ce Senami ba, matar gado shida suke ce mini.

Likita ya ce ruwan da ya sha an fitar da shi, kan ne abin damuwa. Ya ce mu jira.

Ana ruwa yanzu haka. Indararon barandar nan ya tsage, ruwan yana saukowa gida biyu, ɗaya kakkaura, ɗaya siriri mai rawa. Na kama kaina ina ƙiyasta hoto nawa siririn zai ci in zan zana shi. Na juya masa baya.

Juma'a, 13 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Ba canji.

Asabar, 14 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Hwefa ta zo da amiwo, jan tuwon masara, da soyayyen kifi a kwano. Ita ce ta ukunmu a aikin. Shekara biyu ke nan muna kan fim ɗaya na zane mai motsi, minti shida kacal, labarin ruwan Kwatano: yadda yake faɗowa kan kwanon rufi, ya bi kwata, ya ratsa bayan kasuwar Dantokpa, ya shiga tafki, ya fita teku. Ni nake zanawa da fensir, takarda goma sha biyu kafin sakan ɗaya ya cika. Hwefa ke sa launi. Zannu ke yawo da rikoda yana ɗauko mana sauti. Minti biyar sun kammala. Saura na ƙarshe, na ambaliya.

Ta tambaye ni ko ta sanar da masu bikin fina-finan da ke jiransa a Satumba. Na ce ta bari tukuna.

Mama ta ci loma biyu ta ture kwanon. Sai ta ce, ba da kowa take ba, wai me ya kai shi bakin kwatar unguwar Fifaji cikin ruwa irin wancan? Yaron da aka haifa a gidan da ke tsaye kan tafki, wanda ya san ruwa tun yana rarrafe, ya san ba a kusantarsa in ya yi irin wannan fushi. Hwefa ta ɗago ta dube ni. Na tashi na ce zan wanko hannu.

Na daɗe a wajen famfo.

Lahadi, 15 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

'Yan cocin su Mama sun zo, su bakwai, cikin fararen kaya, ba takalmi, ƙafafunsu duk taɓo. Ma'aikaciyar jinya ta hana su shiga, suka tsaya a baranda suka yi waƙa a hankali. Da za su tafi suka ba ni ruwan addu'a a gora in shafa masa a goshi. Na shafa. Da idonsa biyu da ya ce mini wannan ruwan famfon Akpakpa ne, ya gane shi daga yadda ya faɗa cikin gorar.

Haka yake. Ya ce kowace unguwa da muryar ruwanta. Na Ladji mai nauyi ne, saboda shara ta cika shi. Na bayan Dantokpa surutu gare shi kamar matan kasuwar. Farkon haɗuwarmu ya leƙa zanena ya ce, "Madam, wannan ruwa ne ko koko?" Kwana uku ban yi masa magana ba. Sai ya ɗauke ni a babur ya kai ni gindin tsohuwar gada, ya ce in zauna in duba, kar in taɓa fensir sai na ga inda ruwan yake jinkiri. Na gani. A bayan kowane ginshiƙi yana tsayawa ya waiwayo kafin ya wuce.

Talata, 17 ga Yuni, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Wani dattijo ya zo yana tambayar matar mutumin da aka tsamo. Tonton Firme, mai walda ne, shagonsa na bakin kwatar. Yana cikin waɗanda suka ciro shi.

Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa. Ruwa ya shafe titi da kwata sun zama ɗaya, kuma akwai wurin da murfin siminti ya daɗe da karyewa, 'yan unguwa duk sun sani. Suka hango mutum cikin rigar ruwa yana takawa a hankali, ya miƙa sanda mai makirifo a gabansa. Suka yi ta ƙwala masa kira. Bai ji ba, kunnuwansa a rufe da abin sauraro. A gadar gaba suka tare shi da tsani.

Ya miƙo mini leda cike da garin rogo. Rikodar ce a binne ciki, wai gari yana tsotse laima. A wuyansa take rataye, ya ce, ko da suka ciro shi hannunsa na kanta.

Da ya ga fuskata sai ya ce, "Madam, in ya tashi ki gaya masa ya rage amiwo. Mu huɗu muka ja shi, har yau ƙuguna bai koma daidai ba." Na yi dariya. Mama ma ta murmusa, ta kama hannunsa biyu tana sa masa albarka. Bayan ya tafi ta dubi ledar ta ce aiki ne ya kai shi ashe. Na ce e. Iyakar abin da na ce ke nan.

Laraba, 18 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Ba canji. Matar gado huɗu ta naɗe tabarmarta ta tafi. Ta bar mana bokitinta.

Alhamis, 19 ga Yuni, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ɗan yatsansa ya motsa a cikin hannuna. Na fita da gudu, ma'aikaciyar ta zo ta duba, ta ce hakan yakan faru, kar in ɗora rai a kai. Na riga na ɗora.

A minti gomana ina ba shi labari. Na gaya masa ɗan zem ɗin, wato ɗan acaɓan da ya kawo ni, ya tuɓe wando ya ɗaura a wuya don kar ya jiƙe, ya tuƙo babur da gajeren wando har ƙofar asibiti. Na gaya masa tumatir ya yi tsada. Na gaya masa gemunsa ya fito da furfura uku. Kullum ina shiga da magana ɗaya a baki, in fito da ita ban faɗa ba.

Asabar, 21 ga Yuni, ƙarfe uku na rana

Na je gida ɗauko kaya. Ruwa ya shiga ya fita, ya bar layi a bango daidai gwiwata. Zanen duk suna kan kanta ta sama, ba abin da ya same su. Shi ya ɗora su can tun watan Mayu, ina masa tsiya wai ya cika tsoro.

Kofin shayinsa na kan teburin da nake zane, ya yi fumfuna. Ban wanke ba.

A bakin ƙofar nan na yi masa maganar ƙarshe. Ba zan rubuta ta ba.

Hwefa, wadda na ba ledar garin, ta kira. Rikodar ta bushe, katin cikinta yana aiki. Minti goma sha huɗu ne a kai. Ta ce ba ta saurara ba, kuma in na ga dama kar in saurara. Na ce ta kawo mini.

Litinin, 23 ga Yuni, ƙarfe ɗaya na rana

Na zagaya bayan ɗakin wanki na asibiti na sa a kunne.

Ruwa a kan rigarsa, tas tas tas. Ƙahon babura. Wata mata tana zagin wani ya fantsama mata ruwa. Sai kwatar. Ban taɓa jin irinta ba. Ba ƙara ɗaya ba ce, akwai wata a ƙasa mai kauri da ake ji a ƙirji, akwai robobi suna karo da juna a sama, akwai wani abu kamar numfashi. Abin da na nema ke nan. Daidai shi.

A minti na goma sha ɗaya ya kawo bakinsa kusa ya ce, "Senami, ga ruwanki nan. Sai ki huce." Yana dariya. Ya ce bari ya ɗan matsa gaba kaɗan.

Na kashe.

Talata, 24 ga Yuni, ƙarfe takwas na safe

Sau tara na ji shi. A wuri ɗaya nake kashewa.

Laraba, 25 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Zazzaɓi ya kama shi. Sun ce ƙirji ne yanzu. Yatsan bai sake motsi ba.

Ruwa tun safe. Ina jin matan benci suna tsine masa. Ni ban iya ba. Shekara biyu ina binsa lungu-lungu da littafi, ina murna in hadari ya haɗu alhali maƙwabta na kwashe katifu. Akwai ranar da ruwa ya ci gidan mai sayar da gawayi a layinmu, baƙin ruwa yana kwarara yana ɗauke da jarinta duka, ni ina kan katanga ina zana yadda baƙin yake gauraya da ja. Ta ɗago ta gan ni. Yau na tuna da ita.

Alhamis, 26 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Fofo Basil ya iso daga Paraku, wan Zannu. Ya shiga ya gan shi, ya fito idonsa jajur. Ya zauna kusa da Mama suna magana ƙasa-ƙasa, amma bencin ɗaya ne.

Ya ce ɗan tafki ba ya faɗa wa kwata haka kawai, da hannu a ciki. An je an duba musu, an ce daga cikin gida ne. Kowa ya san wa ake nufi: kawunsu Hunkpe, da suka yi shekara biyar suna rigima da shi kan shingen kifin da mahaifinsu ya bari a tafki. Fofo ya ce ranar Asabar zai shiga ƙauye da mutane, zai tara dangi ya kira sunan tsohon a gabansu, in ya so kowa ya san matsayinsa. Mama ba ta hana shi ba.

Kawu Hunkpe shi ya tuƙa kwalekwalen da ya kai ni gidansu ranar aurenmu. Haƙoransa uku ne a baki. Ya ce mini in na ji tsoro in kalli gemunsa, kar in kalli ruwa.

Fofo ya juyo ya ce, "Matarmu, ke kin yi shiru. Ba ki ga wata alama ba kafin abin?" Na ce kaina ke ciwo.

Juma'a, 27 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Na faɗa.

Bayan Mama ta fito daga minti gomanta na durƙusa a gabanta, a nan baranda, Fofo na tsaye. Na ce ba hannun kowa, ni na aike shi. Tunda na faɗa da baki bari in rubuta.

Ranar Litinin ɗin da ruwa ya tsuge na ce ya je ya ɗauko mini ƙarar babbar kwatar Fifaji. Ya ce muna da ta bara, ta isa. Na ce ta bara ruwan wasa ce. Ya ce a bari ya ɗan lafa. Na ce in ya lafa me za a ɗauka? Ya ci gaba da shan shayinsa. Sai na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Ba ni rikodar in je da kaina. Ɗan tafki mai tsoron kwata." Ya dube ni, ya yi dariya, ya ajiye kofin, ya ɗauki rigar ruwa.

Fofo ya buɗe baki, Mama ta ɗaga masa hannu. Ta ce ina abin da dattijon nan ya kawo? Na ciro. Ta ce in sa mata. Na sa mata a kunne na kunna, na ce akwai wurin da ya kamata a tsaya. Ta ture hannuna.

Ta ji duka sha huɗun. Ina kallon fuskarta. A wurin da ya yi magana leɓenta ya motsa. Bayan nan ta rufe ido, ta riƙe gefen benci, ba ta sake ba sai da abin ya ƙare da kansa. Ta cire, ta naɗe wayar a hankali, ta sa rikodar cikin jakarta.

Ta ce da Fofo, "Ba inda za ka. Ka bar kawunka ya mutu da mutuncinsa."

Ta ɗauki tabarmarta ta koma bencin can ƙarshe.

Lahadi, 29 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Fofo yana gaishe ni, da ƙyar. Ita ko kallo.

Na gaya wa Zannu na faɗa musu. Na roƙe shi gafara. Minti biyu suka isa, sauran takwas na zauna ina jin injin yana numfashi a madadinsa.

Talata, 1 ga Yuli, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Zannu ya cika. A minti goman Mama ne. Gara haka.

Sun ba ni zobensa a cikin ambulan.

Juma'a, 4 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Na farka na shirya, na sa takalmi, na kai bakin titi kafin in tuna ba inda za ni.

Talata, 8 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Na ce wa Hwefa ta rubuta wa masu bikin fina-finan, babu fim. Ta ce to. Na ce ta zo ta kwashe takardun ta kai wa masu ƙosai su yi ƙunshi. Ta ce wannan kam sai dai in kai da kaina, ita ba ta ɗauki shekara biyu tana shafa shuɗi don a naɗe ƙosai ba. Ta wanke kofin shayinsa ba ta tambaye ni ba. Na yi mata faɗa sosai. Ta tsaya ta ji, sannan ta ɗora mini ruwan wanka.

Asabar, 12 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Mun kai shi ƙauyensu na kan tafki.

Daga mashigar Kalabi aka sa akwatin a jirgi mai inji, mu muka bi a kwalekwale goma sha ɗaya. Mama na gaba cikin farin kaya, bayanta kawai nake gani. Tafki ya cika, ciyawar ruwa ta rufe hanya, sai jirgin ya keta ta, ta buɗe, ta sake haɗewa a bayanmu. Matan da ke dawowa daga kasuwa suka tsayar da tuƙi suka sunkuyar da kai har muka wuce.

Na yi ƙoƙari kar in duba. Amma idona ya ga yadda igiyar ruwan jirginsa take isowa wurinmu, ta ɗaga mu, ta sauke, ta wuce ta ɗaga na bayanmu. Ɗaya bayan ɗaya, duka sha ɗayan. Na ce a raina wannan sai hoto talatin. A ranar binne mijina. Wace irin mace ce ni?

Kawu Hunkpe ya fi kowa kuka. Ya riƙe hannuna ya ce in yi haƙuri 'yata, ruwa ne ya raine shi, ruwa ya karɓe shi. Bai san abin da ya kusa samunsa ba. Ba wanda zai gaya masa.

Alhamis, 17 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Ba ruwa yau. Layin bangon yana nan.

Laraba, 23 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Wajen sha ɗaya na ji babur ya tsaya a ƙofa. Mama ce, ita kaɗai, da ƙunshi a cinya. Shekara shida da aurenmu sau biyu ta taɓa zuwa gidan nan. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa bango. Ta shiga ta zauna kan kujerar roba ta ce, "Nuna mini abin."

Na kunna mata minti biyar ɗin. Ɗigon farko a kan kwano, yara a ƙarƙashin indararo, kwata, bayan kasuwa. Duk ƙarar da ke ciki shi ya ɗauko. Ba ta motsa ba. Sai da aka zo wurin wata mata mai tuƙo kwalekwalen kifi ta ce in tsayar. In mayar baya. In sake.

"Wa ya koya miki tuƙi?" ta ce. "Wannan matar in haka take tsoma filafili, zagaye za ta yi ta yi har kifinta ya ruɓe."

Ta sa na kawo baho cike da ruwa da muciya. Ta naɗe hannun riga ta tsoma, ta ja. Ta ce in duba, ruwa ba ya rufewa nan take, 'yan juyi biyu yake bari, na kusa da jirgi ya riga mutuwa. Ta sake ja. Haka ne kuwa.

Ta ce Zannu bai gaya mini ba? Na ce ya gaya mini, na yi masa gardama. Ta ce, "Ai haka kike."

Muka ƙarasa. Da hoton ya ɗauke ta ce ina sauran? Na ce babu, na bari. Ta daɗe tana kallona, karo na farko tun ranar Juma'ar nan.

"Don minti ɗayan nan na rasa ɗa," ta ce. "Kuma ki ce mini babu?"

Ta ce abin da ke jakarta nata ne, ba za ta bayar a kunna wa baƙi ba, in san yadda zan yi. Ta buɗe ƙunshin, akasa ce, tuwon ƙullun masara, da busasshen kifi, ta ajiye a kan tebur ta ce na rame kamar sandar tuƙi. Da za ta tashi ta dafa ƙugu ta ce wannan kujerar ba ta mutane ba ce.

Ba ta ce ta yafe ba. Ban tambaya ba.

Alhamis, 24 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Ƙarfe takwas ta iso, da kujerarta ta katako ɗaure a bayan babur. Sau huɗu ta sa na goge matar nan mai tuƙi. Hwefa ta zo ta tarar da mu kan baho, ta koma waje ta daɗe kafin ta shigo.

Da rana muna cin abinci. Ta miƙo hannu ba ta ɗago ba ta ce, "Senami, gishiri."

Na miƙa mata.